Tukwanen Malam Tambaya

Duk wadda ta aurar da 'ya tsakanin Tsafe da Bunguɗu a shekarun baya ta san Malam Tambaya mai zubin tukwane. Rumfarsa na jikin tawa a kasuwar Tsafe, ni ina auna hatsi, shi yana jera tukwane yana cika baki. Gajere ne, mai faɗa kamar zakara, amma hannunsa akwai kyauta. Ya gaji sana'ar daga ubansa, yana narka tsofaffin kayan alminiyam ya zuba a ƙasar zubi.

Matan wajenmu ba sa sayen tukunya da ido. Ɗagawa suke yi su jijjiga, in ta yi nauyi ita ce ta ƙwarai. To, tukunyar Tambaya ta fi ta kowa nauyi, kuma ko rantsuwa ka yi masa ba zai gaya maka dalili ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai, wato ɗansa Shu'aibu. Yaron ya samu jami'a a Zariya, uban ya gama shelar likita zai zama, sai ga shi ya zaɓi karatun ƙarafa da sanin abin da ake ƙera kaya da shi.

"Ƙarhe!" in ji Tambaya. "Ka bar ƙarhe gidan ubanka, ka tahi Zariya neman ƙarhe? Wagga wace irin wauta ta?"

Mun sha dariya, har da ni. Shekara uku muna kiran yaron Maƙerin Boko.

A hutun damina na 1998 Shu'aibu ya dawo ya tarar da gidan ba daɗi. Yayarsa Wasila, wadda ke aure a Nahuce, ta zo da ɗanta Anas, ɗan shekara uku. Yaro mai surutu ya daina magana, ga ciwon ciki, ga sanƙarewa. An yi rubutu, an yi turare, kowa na cewa iska ce.

Ina zaune a maƙerarsa ranar da Tambaya ya ga dama ya nuna wa ɗansa sirrin sana'a, don ya kunyata boko. Ya fasa tsohon batirin mota, ya zaro darmar ciki, ya jefa a narkakken alminiyam yana murmushi.

Shu'aibu ya miƙe zumbur. "Baba, mi ka sa ciki?"

"Darma mana. Ita ka ba tukunya nauyi. Sun koya muku wagga a Zariya?"

"Tun yaushe?"

"Tun da alminiyam yay yi tsada. Ka gani, ko kai ban hwaɗa ma ba."

Ban taɓa ganin fuska ta sauya kamar ta Shu'aibu ba. Yaron ya ce darma guba ce, tana bin abinci ta shiga jini, kuma abu mai tsami ya fi jawo ta. Ya ce yara ta fi kamawa, a ƙwaƙwalwa. Sai ya tambaya a wace tukunya Wasila ke dama wa Anas kunun tsamiya.

Tukunyar Tambaya ce. Da hannunsa ya zuba mata ita lokacin haihuwar yaron, kuma ya ninka darmar, don 'yarsa ba za ta yi girki da tukunya marar nauyi ba.

Wallahi tukwanensa uku ne a gidana, kuma ni na yi ta tura masa masu saye.

Washegari suka kai Anas asibiti a Gusau. Likita ya saurari bayanin Shu'aibu, ya duba yaron, ya ce alamun sun yi daidai da haka. Ranar kasuwa Tambaya ya tsaya gaban rumfarsa ya tona kansa da bakinsa, ya ce duk mai tukunyarsa ta daina girki da ita. Wasu suka zage shi, wasu suka ce ɗan boko ya juya masa kai, suka ci gaba da girkinsu.

Da jama'a suka watse, ya zauna a bencina, ya kira Shu'aibu.

"Karatun ga naku, shina iya hidda darmar daga tukunya?"

"Ana iya gane ta tun ba a zuba ba, Baba."

"To daga jikin yaro hwa?"

Shu'aibu ya sunkuyar da kai. Anas ya rayu, sanƙarewar ta bar shi. Har Tambaya ya koma ga Allah, yaron bai sake kiransa Kaka ba.