Kitson Habsu

An haifi Habsu a Gwashi, a gidan manoma da ke maƙwabtaka da rugar Fulani, kuma a wajen matan rugar ta koyi kaɗa man shanu da kitso. Aure ya kai ta Tungar Guru, gidan Makau, manomin gero da dawa wanda magana ba ta dame shi ba. Ta haifa masa 'ya'ya uku. Fura take yi ta sayarwa, masu saye su aiko har cikin gida, kuma ba a taɓa jin an mayar mata da ita ba.

Sai dutsen zinari ya shigo gari. Maza suka riƙa dawowa daga ramuka da buhuna, mata suna dakawa a tsakar gida cikin turmin da ake surfen hatsi, yara na rarrafe cikin ƙurar. Ba wanda ya san dutsen na ɗauke da dalma. A shekarar 2010 yara suka fara jijjiga suna suma. Habsu ta rasa manyan biyu kafin shuka ta yi ƙwari. Ƙaramar, Rufaida, likitocin agaji ne suka tsaya a kanta a Bukkuyum da ƙwayoyin da ke fitar da gubar daga jini. Ta rayu, amma idonta ya tafi, bakinta kuma bai buɗe da magana ba. Tun daga nan ba ta karɓar loma daga hannun kowa sai na uwarta. Ko Makau ne ya miƙa mata, sai ta dantse haƙora ta juya kai.

Bayan wannan shekara, a Tungar Guru babu ciwon da ba dalma ba. Ciwon kai dalma, ɓari dalma, akuya ta faɗi ta mutu dalma. Mutane sun ga abin da ta yi, sun kuma ga yadda ake gane ta: a ɗebi jini a auna, a faɗa maka ko tana hawa ko tana sauka.

Don haka ranar da Habsu ta ji wani ƙullutu a nononta na hagu tana wanka, cikin ranin 2013, ba ta yi dogon tunani ba. Abu ne mai tauri kamar ƙwallon dabino, ba zafi, ba ƙaiƙayi. Ta ce a ranta ƙurar dutsen da ta daka ce ta taru ta dunƙule. Duk lokacin da ta kai Rufaida awon jini, sai ta roƙa a ɗebi nata. Mai ɗibar jinin namiji ne, ba ta buɗe masa ƙirji ba, ba ta ma ga dalili ba, tunda jini ko'ina yake zagawa a jiki. Idan ta koma a ce mata, "Inna, dalmar na sauka," sai ta dawo da farin ciki ta gaya wa Makau. In tana sauka a jini, ai ƙullutun ma zai bi ta. Haka ta jira damina biyu.

Ƙanwarta Zulai, wadda ke aure a Nasarawa Burkullu, ta zo wani suna a garin ta kwana a ɗakinta. Da safe Habsu na canza zane, Zulai ta gani. Nonon ya kumbura, fatar ta yi ramuka kamar ɓawon lemu, kan ya shige ciki, ga kaluluwa a hammata.

"Yaya, tun yaushe wanga abu?"

"Dalma ta. Tana sauka, an auna."

Zulai ta leƙa waje inda Makau ke gyaran ƙotar fartanya. "Kai, Makau, ka iya ganin zinari cikin dutse, ba ka ga abin da ke ga ƙirjin matarka ba?"

"Ta ce dalma ta, kuma malaman asibiti sun ce tana sauka," in ji shi. "Ke da ba ki san ko hanyar asibitin ba."

"Yau ka nuna min ita. Tashi ka nemo babur, tun ban kai ka ƙara wajen Innarmu ba."

A Bukkuyum wata ma'aikaciyar jinya ta duba, ta ce su wuce Sakkwato kada su tsaya. Suka bi ta Gummi, suka bar Rufaida a hannun Zulai. A babban asibiti aka tsakuri ɗan nama daga ƙullutun aka kai ɗakin gwaji, aka ɗauki hoton ƙirji, aka duba hanta da na'ura. Da sakamako ya fito suka koma, likitan, wani dattijo mai furfura a gemu, ya zaunar da su.

Habsu ta riga shi magana. "Likita, an auna jinina ba sau ɗaya ba. An ce tana sauka."

"Gaskiya aka gaya miki, baiwar Allah, dalmar ta sauka. Amma wancan awon dalma kaɗai yake nema, ba ya ganin wani abu. Wannan ciwon daji ne, sankarar nono. Ba ruwansa da dutsen da kika daka."

Ya yi musu bayani a hankali. Ciwon mataki huɗu ake kasa shi. A na farko da na biyu yana nan ƙarami, a cire shi, sau da yawa a rabu lafiya. Nata ya kama fata ya kai hammata, amma hoto bai nuna shi a huhu ko hanta ba, wato yana mataki na uku. Za a fara da maganin ƙarin ruwa duk bayan mako uku don ya motse, sannan a yi aiki.

"Da munka zo hwarko hwa?" in ji Makau.

Likitan ya dube shi. "Yanzu dai kun zo, malam. Abin da nake roƙo, kada ku tsallake ko ɗaya."

Maganin ja ne, har fitsarinta ya koma ja. Ta yi amai tun daga Sakkwato har Gummi, bakinta ya yi gyambo, faratanta suka fara baƙi. Da suka iso gida ta tarar Rufaida ta zabge, ruwa kawai ta yarda ta sha daga hannun Zulai. Habsu ta zauna da jiri a kanta ta ba ta tuwo loma-loma. Bayan ƙarin ruwa na biyu ƙullutun ya fara laushi, Makau har ya yi sadakar waina. A makon ne kuma gashin ya zube. Ta cire kallabi da safe, kitson ya biyo shi.

Ba wanda ya taɓa lura da abin da Rufaida ke yi kafin ta ci abinci sai ranar. Takan miƙa hannu ta tura ƙarƙashin kallabin uwarta ta bi kitson da yatsu, manyan layuka masu taruwa a ƙeya da biyu masu saukowa gaban kunne, irin wanda Habsu ta koya a ruga. Sai ta gama bin su take buɗe baki. Ran nan hannunta ya sauka kan fata sumul. Ta janye shi kamar ta taɓa garwashi, ta ja jiki ta manne da bango. Habsu ta kira sunanta, ta yi mata waƙar da take mata. Amma maganin ya dishe mata murya, ya kuma canza warin jikinta. Yarinyar ta dantse haƙora.

Kwanaki suka shuɗe sai ruwan koko ake ɗura mata tana shaƙewa. Zulai ta ce, "Yaya, yi min irin kitsonki, ki ba ni zanenki in ɗaura. In ta ci ga hannuna, ke sai ki ƙare maganinki."

"Ina da rai a yi wa ɗiyata wata uwa? Biyu ƙasa ta amshe, wagga kuma ke?"

"Ba amshe ta zan yi ba."

"Koma ɗakin mijinki, Zulai."

Da lokacin na uku ya zo, Habsu ta ƙi shiryawa. Makau ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya kawo liman. Amsarta ɗaya ce: gashi ya fito tukuna, yarinyar ta ci, sannan ta koma. Ai abin ya yi laushi, zai jira.

Gashin ya tsiro bayan girbi, gajere, mai laushi kamar na jariri. Da ya kai a kama, ta kitse shi da kanta. Rufaida ta bi shi da yatsu, ta daɗe a kai, sannan ta buɗe baki. Makau ya ce bai ga Habsu ta yi dariya irin ta ranar ba tun kafin dalma. Amma ƙullutun ya riga ya dawo da taurinsa, ya fashe yana ruwa. Hannun hagu ya kumbura, bayanta ya riƙe, ga wani busasshen tari da ba ya jin magani.

A Sakkwato aka sake hoto. Likitan bai yi mata faɗa ba. Ya ce ciwon ya shiga huhu da ƙashin baya, mataki na huɗu ke nan, kuma maganar aiki ta wuce. Ya rubuta mata ƙwayar da za ta sha kullum don rage masa gudu, da maganin zafi.

"Zan ga damina?" ta tambaya.

"Wannan sanin na Allah ne. Amma idan akwai abin da kike son gyarawa a gida, kada ki jinkirta."

Ba su ƙarasa Tungar Guru ba sai da ta sa Makau ya biya Nasarawa Burkullu. Mijin Zulai ya yarda ta zo ta zauna.

Habsu ta zaunar da ƙanwarta tsakanin ƙafafunta a inuwar rumbu. Hannun hagun ba ya lanƙwasuwa sosai, sai ta riƙa kama gashin da dama tana danne shi da kumburarren. Abin da a da take gamawa kafin tukunya ta tafasa ya ɗauke ta wuni.

"Kin ja da yawa, Yaya."

"Haka nawa yake. Ki riƙe kanki, tun kina ƙarama ba ki iya zaman kitso ba."

Ta shafa mata man shanu, ta ba ta zanen da ta kwana da shi. Ta nuna mata girman loma, da yadda ake taɓa leɓen ƙasa da ita kafin a tura. Ta gargaɗe ta kada ta yi magana. Sannan ta koma bayan zana ta zauna inda take iya leƙe.

Rufaida ta miƙa hannu, ta bi layukan har ƙeya, ta sauko gaban kunne. Ta sunsuni zanen. Sannan ta buɗe baki. Zulai na ba ta, hawaye na zuba a cikin kwanon. Da ta ƙoshi sai ta kwantar da kai a cinyar Zulai, ta yi ɗan gurnanin da take wa uwarta ita kaɗai.

Tari ya taso wa Habsu. Ta cusa gefen kallabi a baki ta danne shi, don yarinyar ta san tarinta.

Da yamma ta sa Makau ya aske mata kai, ya kuma mayar da shimfiɗarta ɗakin da ke kusa da zaure, kada Rufaida ta laluba ta sami uwa biyu ta ƙi duka. A can ta zauna, tana jin motsin kwano safe da yamma daga ɗaya gefen gidan. Ba ta sake taɓa 'yarta ba. Ta rasu a 2016, gero na fitar da kai.