Kazar Inna da Wutar Ɗari Biyu

Shekarun baya, wani ɗan "ting" da inji ya yi a kicin ɗina na unguwar Parkchester, nan ƙasar waje, ne ya jawo wannan labarin. Har yau in na ji shi sai zuciyata ta ɗan motsa.

Lokacin mahaifiyata ta zo mana daga Kano ganin likita. Likitan ya hana ta mai da gishiri, ita kuma ta hana kanta sauran. Duk abin da na ajiye mata sai ta ɗanɗana, ta ce Allah ya yi albarka, ta ture kwanon gefe. Wai naman garin nan kamar an wanke shi da sabulu. Ina kallo zoben azurfarta ya fara yawo a yatsa. Likita ya gaya mana ƙarara cewa in ta ci gaba da ramewa, ba za a iya yi mata aikin da ya kawo ta ba.

Wata rana bayan la'asar, tana jan carbi a bakin taga, ta ce da ma za ta samu gasasshiyar kaza irin wadda take yi mana a kan gawayi ranar Sallah. Gawayi a hawa na bakwai? Ni da ko turaren wuta na kunna sai na buɗe taga don kada ƙararrawar hayaƙi ta tara mini jama'a. Na gaya wa maigidana, washegari sai ga shi da kwali: air fryer, injin nan da ke gasa abinci da iska mai zafi ba tare da mai ba.

Na kira ƙanwata a Kano, don ita ta iya yin kazar Inna a oba, murhun gashi na zamani. Ta lissafa mini citta, tafarnuwa, masoro, kanumfari da garin ƙuli-ƙuli, ta ce in sa a ɗari biyu, minti arba'in. Na yi bisimilla, na murɗa injin zuwa ɗari biyu, na tafi na yi sallah hankalina kwance.

Ting! Na jawo kwandon, na tarar da kaza fara fat, a jiƙe, kamar mai zazzaɓi. Na ƙara mata wasu minti arba'in, ko launi ba ta canza ba. Washegari na sake gwadawa, haka dai. Na zargi kazar, na zargi wutar lantarkin gidan, har maigidana na ce masa mai araha ya kwaso. Allah ya yafe mini.

A rana ta uku, injin yana cikin aiki, Inna ta taso a hankali, tana dafa bango, ta shigo kicin. Ta kara tafin hannunta a bayan injin, inda iska ke fita.

"Wannan ai ba wuta ba ce, numfashi ne," in ji ta.

Na ce, "Inna, ɗari biyu fa aka ce."

Ta ce, "Ni ban san ɗari biyu ba. Wutar kaza dai, in kin kara hannu ba ki iya ƙirga biyar."

Ni mai takardar sakandare, a raina na ce tsohuwa ba ta san kayan zamani ba.

Da yamma maƙwabciyata ta shigo gaishe ta, wata 'yar Maraɗi da mijinta ke da shago a 125th Street. Ta ga kazar, ta leƙa injin, ta kwashe da dariya har tana riƙe ƙugu. Ta nuna mini wani ɗan harafin F a gefen lambar, wanda ban taɓa lura da shi ba. Ta ce ɗari biyun ƙanwata na ma'aunin gida ne, Selshiyos, su kuwa mutanen nan da Farenhait suke awo, kuma a ɗari biyunsu ko ruwa ba ya tafasa. Ta ce kar in ji kunya, ita ma satin da ta sauka ta ji an ce gobe zafi zai kai casa'in, ta kama istigfari don ta ɗauka duniya ce za ta tashi.

Ta karɓi biro ta rubuta mini a bayan ambulan: a ninka sau tara, a raba biyar, a ƙara talatin da biyu. Ɗari biyun gida ya kusa ɗari huɗu ke nan. Amma da yake injin yana hura zafin kusa da naman, a rage ashirin da biyar, a rage lokaci kaɗan, sai a minti biyar na ƙarshe a kai shi maƙura don fata ta yi ja. An fa koya mana lissafin nan a makaranta, sai dai ina jin ranar hira nake yi a bayan aji.

Wannan karon tun kafin "ting" ƙanshi ya cika falo. Inna ta ci cinya guda, ta suɗe yatsu, ta ce a miƙo fiffike. 'Yata, lokacin tana shekara huɗu, tana kan cinyarta. Inna tana ce mata ƙawata, ita tana amsawa da Turanci, suna yagar nama tare kamar sun fahimci juna. Ni kuwa na koma kicin na goge idona da gefen mayafi.

Daga nan cin abincinta ya dawo. Aka yi aikin lafiya, ta koma gida, ta ƙara shekara uku kafin Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙanta da rahama.

Ambulan ɗin yana nan manne a cikin ƙofar kabad, ya yi ja don tsufa. Lambobin na haddace su tuni, amma na kasa cire shi. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, kwana uku ina gardama da injin, ita kuwa hannu kawai ta kara ta san gaskiya. Har yau sai na kara nawa kafin in sa nama.

Makon jiya ina gashi 'yata ta dawo daga makaranta. Ta ajiye jaka, ta zagaya bayan injin, ta kara tafin hannunta. Na ji tana ƙirgawa a hankali, da Hausar da ba kasafai take yi ba: ɗaya, biyu, uku. Ta janye hannun da sauri, ta juyo ta kalle ni.

"Umma, wutar ta kai. Wannan Kaka za ta ci."