Makoki a Bakin Kwalta

Da aka zo faɗaɗa titi a unguwarmu ta Garwa, sai kawai aka shafa wa bangonmu jan fenti, katafila ta biyo baya. Gidan da kakanmu ya gina da ribar fataucin goro ya koma tarin ƙasa tun kafin a kira la'asar. Aka watsa mu. Mu muka koma bayan gari, maƙwabta wasu suka tsallaka Binuwai, wasu ban ma san inda suka nufa ba.

Baba bai daɗe a sabon wurin ba ya rasu. Muna dawowa daga maƙabarta na fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan hayar. Goggo, yayar Baba, ta leƙo.

"Kai, me kake yi? A ƙofar gidan wani za ka karɓi gaisuwar ɗan'uwana? Wa ya san shi a nan? Naɗe ka kai ƙofar gidansa."

Na ce, "Goggo, ai babu gidan."

Ta ce, "Ƙasar ma sun kwashe ta?"

Na ɗaure tabarmin a bayan babur. Kututturen darbejiyar ƙofarmu ne kaɗai ya rage a gefen kwalta, da shi na gane inda zaure yake. Nan na shimfiɗa, 'yan'uwa suka iske ni muka zauna, motocin auduga suna wucewa suna bula mana hayaƙi. Wallahi raina a ɓace yake, har jira nake wani ya tanka mini.

Ai kuwa wani mai kaki ya tsaya, ya ce da Faransanci nan hanyar gwamnati ce, mu tashi. Na amsa masa da Hausa, da gangan, na ce nan ƙofar gidan ubana ce, yau aka binne shi, in zai ɗaga mu sai ya ɗaga mu da tabarmin. Ya juya Fillanci, ya ce in nuna masa gidan.

Ban kai ga ba shi amsa ba sai ga tsohon telan unguwarmu, wanda rabona da shi tun ranar rushe-rushen. Bai yanko kai tsaye ba. Ya zagaya ta inda katangarmu take a da, ya tsaya daidai bakin zaure, ya tuɓe takalmansa a kan kwalta mai zafi, ya yi sallama. A bayansa mahauci ne da limamin masallacinmu da aka rushe, kowa na tuɓe nasa.

Na kalli mai kakin, sannan na ce wa tsohon, "Amin alaikumus salam. Shigo, Baba."