Ranar da Oddlaug ta Tare Titi da Man Shanu

Duk wanda ya yi aiki a ma'aikatar narka ƙarfe ta Brattvik ya san muryar Oddlaug Espeland tun kafin ya san fuskarta. Tana can sama cikin ɗakin injin ɗaga kaya, tukunyar narkakken ƙarfe na lilo a ƙarƙashinta, sai ka ji an kwarara ihu: "Kai mai jar hula, matsa mana! Ko so kake a kwashe ka da cokali?" Injuna na ruri, amma muryarta ta danne su. Tana cikin matan farko da kamfanin ya ɗauka, kuma ta tuƙa injin nan har kanta ya yi fari fat. Ba ta taɓa ƙona kowa ba. Wankin babban bargo kuwa, ko manaja bai tsira ba.

A Gefen Inuwa aka haife ta, kamar yawancinmu. Lokacin kakanta, babu komai a nan sai 'yan gonaki da awaki, a daidai inda ruwan teku ya kutso tsakanin duwatsu biyu ya rasa wurin wucewa. Da kamfani ya zo ya kama ruwan da ke zubowa daga kan dutse ya cusa shi a bututu don samun lantarki, sai ya gina wa injiniyoyinsa gidaje a kan tudun arewa, ya zube leburori a gindin dutsen kudu, wato Gefen Inuwa. To dutsen nan ba shi da tausayi. Da Nuwamba ta kama yake haɗiye rana, ba ya sakinta sai cikin Fabrairu. Gari yana wayewa dai, amma ƙwayar rana sai dai ka hango ta a tagogin masu kuɗi tana yi maka gwalo.

Ranar da za ta dawo, ta wata 'yar ɓaraka a ƙolin dutsen take leƙowa, ta sauka a bangon tsohon gidan wankin matan leburori. Nan ake taruwa da kofi da burodi mai ƙwai a tsakiya, a tashi 'yan makaranta, mata su shafa wa bangon man shanu kamar yadda kakanni suka yi. In ya narke, shekara za ta yi kyau. In bai narke ba, a ce man ne ba shi da kirki.

A gindin bangon nan ta haɗu da Torleiv, wanda ya zama mijinta, mai aikin bakin tanderu, dogo, marar magana. Ya tsaya ya tare mata haske, ta ce masa, "Kai zankalele, matsa!" Ya matsa. Shi da bakinsa yakan ce tun daga ranar yake matsawa, bai huta ba.

Ƙurar tanderu ce ta ci masa huhu. Bayan sun bar aiki, kowane sanyi sai tari ya kwantar da shi. Oddlaug ta sha cewa za ta sa shi a mota ta kai shi tudun arewa ya sha hantsi, ya ƙi.

"Ba na son ranar aro," in ji shi. "Tamu nake jira. In dai na gan ta a bango, to na ci shekarar."

"Ji shirme! Tsoho da kai kana magana kamar ɗan goye."

Haka take faɗa masa, amma a ranta ta yarda da maganar fiye da shi. Tsoro take ji ƙwarai kada wata shekara rana ta dawo ba shi a wurin.

Ana nan sai aka huda dutse aka yi hanyar mota, muka huta da jiran jirgin fito. Manyan motocin kamfani suka fara zirga-zirga, titi ya yi musu kaɗan, majalisar ƙaramar hukuma ta ce sai an faɗaɗa shi, gidan wanki kuma yana kan hanya. Tabɗi! Oddlaug ba ta tsaya kai ƙara ba, takarar kansila ta fito. Gefen Inuwa suka zuba mata ƙuri'a, wasu don bango, wasu don kawai su ga yadda za ta kaya.

Shugaban majalisar a lokacin Arnfinn Lothe ne, mai gyaran wuta a kamfani, ɗan ajinsu tun firamare, wanda ta sha tsoma wa kai cikin ƙanƙara. Ranar zamanta na farko ya buga 'yar gudumarsa ya ce mata a nan sai an ɗaga hannu ake magana.

Ta ɗaga hannun, ta ci gaba da maganarta. "Ranka ya daɗe, uwarka Solveig ta goya ka ta shafa wa bangon nan mai. Yau kai ne za ka aika masa katafila? Ba ka ji kunya ba?"

"Oddlaug, mota ba ta tashi sama. Kamfanin nan in ya rufe, ni da ke duwatsu za mu ci?"

Gaskiyarsa ce, ita ma ta sani, shi ya sa abin ya ƙara ba ta haushi. Aka yi ta ja har bazara. A ƙarshe ita ce ta kawo mafita, tana ta hura hanci: titi ya wuce, amma a cire bangon dutse bayan dutse, a sake gina shi can baya kusa da filin ƙwallo. Ba a nemi ɗan kwangila ba, gayya aka kira. Gari ya fito ƙwansa da kwarkwatarsa, har 'yan tudun arewa da safar hannunsu sabuwa fil. Oddlaug na ba da umarni, Arnfinn na tura baro gumi na zuba daga sanƙonsa, Torleiv na zaune yana tsiyaya wa mutane kofi. Bango ya tashi tsaf, har tabon man shekaru bai goge ba. Lokacin zafi ne, rana ta cika ko'ina, babu wanda tunanin komai ya zo masa.

Sanyin shekarar ya zo da mugunta. Sai da aka kwantar da Torleiv a asibiti, ya dawo a keken marasa lafiya da tulun iskar numfashi a gefe. Ya rame, magana ma sai ya huta a tsakiya. Kullum dai tambayarsa ɗaya: ina haske ya kawo a jikin dutsen arewa? Ita kuma ta leƙa taga ta ce, "Yana gangarowa, ka daina damuna."

Ranar dawowar rana ta zo, sama garau. Ta naɗe shi da barguna ta turo shi gaban sabon bango, ƙullin man shanu a aljihunta. 'Yan badujalar makaranta sun jeru, Arnfinn ya rataya sarƙar mulki a wuya, kansiloli kowa da burodinsa a hannu. Aka zuba wa bango ido.

Shiru. Bango na nan baƙi ƙirin.

Sai wata mata ta waiwaya ta ce, "La! Ku duba can!"

Ga rana nan ta sauka tar a tsakiyar sabon titi, daidai inda bangon yake a da. Jama'a, gari guda, da injiniyoyi da malaman makaranta da tsofaffin da suka shekara saba'in suna kallon ɓarakar nan, ba wanda ya tuna! Mu a tunaninmu bango rana take zuwa gaisarwa, duk inda ya koma za ta bi shi.

Arnfinn ya sosa sanƙo. "Oddlaug, hala kin manta ki sanar da ita mun tashi?"

Dariya ta ɓarke. Torleiv ma ya yi, har ta zame masa tari. Oddlaug ce kaɗai ba ta yi ba. Ta ga yadda ya kafe hasken nan da ido, kuma ta san rana a zuwanta na farko ba ta daɗewa, kafin ka shanye kofi ta koma. Sabon bangon kuwa sai an yi makonni kafin ta iso shi. Wa ya ba ta tabbacin makonni?

Ta damƙi keken ta nufi titi da gudu, tulun iska na ƙara. Ga wata tirela ta fito daga ƙofar kamfani shaƙe da ƙarfe. Oddlaug ta buɗe tsohuwar muryar nan: "Kai! Tsaya nan!" Direba ya taka birki har motar ta yi kuka. Ya leƙo yana masifa, wai jirgin ruwa na jiran kayansa, wa ya ba su izinin tare hanya?

Arnfinn ya iso yana haki, sarƙa na dukan ƙirjinsa. "Majalisa ta rufe titin nan."

"Yaushe?"

Shugaba ya juya ya dubi kansilolinsa. "Wanda ya yarda ya ɗaga hannu."

Hannaye suka tashi da burodi a cikinsu. Direban ya kashe mota, ya sauko, aka miƙa masa kofi.

Torleiv na zaune a tsakiyar kwalta, ido a rufe, rana a fuskarsa. Oddlaug ta kwance ƙullin man ta tsaya tana waige-waige, babu bangon shafawa.

"Me kike jira?" ya ce a hankali. "Za ta tafi fa."

Sai ta lakato da yatsa ta shafa masa a goshi. Kowa ya san man shanu zai narke a goshin mutum ko da rana ko babu, amma ba wanda ya buɗe baki. Man ya gangaro ta kan karan hancinsa yana ƙyalli.

"Ya narke?"

"Ya narke, tsoho."

"To, na ci wannan ma."

Matar da ba a taɓa ganin hawayenta ba ko ranar da aka binne uwarta, ta tsaya a tsakiyar titi tana kuka wiwi don daɗi, tana share masa hanci da bakin mayafinta.

Tun daga shekarar, majalisa ke rufe titin duk ranar dawowar rana, tireloli su yi layi su jira. Bangon yana can kusa da filin ƙwallo, ba mai kula shi sai masu jingina keke. Da haske ya fara janyewa a waccan ranar ta farko, Torleiv ya buɗe ido ya ga inuwarta ta faɗo masa a gwiwa.

"Oddlaug," ya ce, "matsa mana."

Ta matsa.