Dashen da Bai Kama Ba

A makarantar 'yan mata a Isa na fara haɗuwa da kalmar thrive. Malamin Turancinmu ya sa mu maimaita ta, harshe tsakanin haƙora, muna fesa wa juna yawu muna dariya. Ya ce ba rayuwa kawai take nufi ba, rayuwa ce mai ƙaruwa: kasuwa tana yin ta, shuka tana yin ta, mutum ma haka. Ƙamus ya ce bunƙasa, ya ce haɓaka. Na so kalmar don taushinta, na riƙa cusa ta cikin waƙoƙin da nake rubutawa a ɓoye, inda furanni da taurari duk suke bunƙasa ba dalili. Ban taɓa zaton za ni ji ta a bakin likita ba.

Wata damina ce, na zo hutu daga kwaleji a Sakkwato. Yayata da mijinta sun baro ƙauyensu na wajen Burkusuma saboda rashin kwanciyar hankali, sun kama ɗaki a Sabon Birni tare da uwar mijin, wadda muke kira Inna. Yaya tana goyon ɗiyarta ta fari. Yarinyar ba zazzaɓi, ba zawo, amma ba ta ƙaruwa. Zaren da aka ɗaura mata a hannu ranar suna yana nan yana yawo kamar jiya aka ɗaura shi.

Inna tana son jikarta ƙwarai, son ne ma ya sa ta nemi mai laifi. Ta ce nono ne. Aka tatsa kaɗan a ludayi, aka jefa tururuwa a ciki. Ta yi ɗan iyo, ta tsaya cak. Inna ta ce nonon ya ɓaci, a cire yarinya a koma madarar shanu da kunu. Yarinyar 'yar fari ce, kunya ba ta barin Yaya ta ambaci sunanta, balle ta yi gardama a kanta gaban suruka. Sai da muka fita shanya ta ce mini, idonta a kan igiya, “Auta, ke da kika yi boko, ki ce musu a kai ɗiyar mutane asibiti tukun.”

Likitar da muka tarar 'yar bautar ƙasa ce daga Kudu, Hausarta ba ta wuce sannu da ina ke ciwo ba. Ta sa yarinyar a sikeli, ta duba idonta da bakinta, ta sa Yaya ta shayar da ita a gabanta. Sannan ta juyo gare ni ta faɗi jimlar a Turance, da kalmata a ciki: yarinyar ba ta thriving.

Mijin Yaya ɗan kabu-kabu ne, yana tsaye bakin ƙofa. Ya yi caraf ya ce, “Wanga kam na ji shi! Ta ce ba ta direbin. To ɗiyar da ko zama ba ta yi, mi za ta tuƙa?”

“Kai dai riƙe babur ɗinka, ka bar muna Turancinmu,” na ce masa. Inna ma sai da ta murmusa. Yaya kaɗai ba ta yi dariya ba.

“Mi ta ce, Auta? Mutuwa za ta yi?”

In na ce ba ta bunƙasa, sai ka ce labarin tattalin arziki a rediyo. In na ce ba ta da lafiya, na yi ƙarya, kuma Inna za ta ce dama ta faɗa. In na ce lafiyarta lau, ita ma ƙarya ce. Kalmar tana zaune tsakanin biyun, a wani wuri da na sani amma na manta hanyarsa.

Ta tagar ɗakin ina hango 'yar gonar gero bayan katanga, ruwan jiya bai gama tsanewa ba. Sai na tuna mu biyu muna yara, muna bin Baba da damin geron da aka cire inda ya yi cunkoso, ana dasa shi inda shuka ba ta fito ba. Dashe yakan kwanta, ganyensa ya yi yaushi, mai wucewa ya ce ya mutu. Baba kuwa yakan tsuguna ya ja shi a hankali ya ce, da rai, bai dai kama ba.

“Yaya, ta ce kamar dashe take. Da ranta, ba ta kama ba tukun.”

Na ga kafaɗunta sun sauka. Ta ce, murya ƙasa-ƙasa, “Tambaye ta, ƙasar ce ba ta da kyau?”

Na gane abin da take nufi, na tambayi likita game da nonon. Ta girgiza kai da ƙarfi har 'yan kunnenta suna rawa. Ta ce nonon ba shi da aibi ko kaɗan. Uwar ce ta rame, ba ta ci, ba ta barci, yarinyar kuma ba ta kama maman da kyau, sai ta gaji kafin ta ƙoshi. Ta gyara wa Yaya riƙo da hannunta, ta ce a yawaita shayarwa, a ciyar da uwa, a dawo awo.

Inna ta gyara mayafi ta ce, “To ita tururuwar fa?”

“Inna, ko cikin hura kika jefa ta nutsewa za ta yi,” in ji ɗanta.

Ta harare shi, ta daɗe tana kallon jikarta. “Dashe dai ba a tuge shi sau biyu,” ta ce. “A bar ta inda take.” Da yamma na tarar da ita tana dama wa Yaya kunun kanwa, tana mita cewa ba ita ta ce mace ta zauna da yunwa ba. Ina kallonsu cikin ɗakin haya, kayansu har lokacin a ƙulle cikin buhuna, na ga ashe ba yarinyar kaɗai aka dasa ba.

Na koma Sakkwato da zullumi. Gero ya yi kai lokacin da wayata ta yi ƙara, lambar mijin Yaya. Ya ce in gaya wa likitata direba ta fara jan mota. Sannan na ji an karɓe wayar, na ji numfashin Yaya.

“Auta, an yanke zaren nan, ya matse mata hannu.” Ta yi jim, kamar mai duba ko Inna na kusa. “Ɗiyar mutane ta kama.”