Wutar Hajjo ba ta mutu ba

Katanga ɗaya ce tsakanina da Hajjo a Gwandu, kuma tun mai gidana, Allah ya jiƙansa, yana da rai muke maƙwabtaka. Haifaffiyar Dodoru ce, 'yar masu shanu, aure ya kawo ta cikin gari. Ba ta sana'ar komai sai wankan jego. Idan mace ta haihu a unguwarmu, kafin a yanka ragon suna an riga an ga Hajjo da damin ganyen darbejiya a ka. Tafin hannunta ya mutu da zafi, har takan tsoma shi a ruwan da ni ko kusa da tururinsa ba na iya tsayawa. Mata na tsoron wankanta, suna kuma alfahari da shi.

Bara Juwairiyya ta zo mata wanka. Ɗiyar ƙanwarta ce da ta rasu, ana aurenta a Diggi ta ƙasar Kalgo, haihuwar fari. Hajjo ta ɗora rabin duro a kan murhu, ta jiƙa gero da kanwa, murna kamar ita ta haihu. Ana gama suna sai ƙafafun yarinyar suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya. Ni na raka su asibiti. Malamar da ta duba ta ta ce jininta ya hau, zuciyarta ta gaji. A bar kunun kanwa, a bar ruwa mai zafin nan, ta sha magani, ta kwanta ta huta sosai.

Na zaci Hajjo za ta yi gardama. Sai ta dubi hannuwanta, ta ce, "To, malama. Na ji."

Amma washegari da safe sai na hango hayaƙi ta saman katanga. Na leƙa. Duro na tafasa kamar kullum. Hajjo ta ɗebi kaɗan a kwatanniya, ta yi ta sirkawa da ruwan randa har ya koma ɗumi irin na wankan jariri.

Na ce, "Hajjo, wannan ɓarnar itace fa?"

Ta ce, "Ke ba ki san mutane ba? Ran da wutag ga ta mutu, za a ce jego ya ƙare. Ga shi ana yankan shinkafa a Diggi."

Gaskiyarta. A wajenmu wuta da duro su ne shaidar mace na jego. Muddin suna ci, ba mai ce mata ta ɗauki taɓarya.

Duk da haka magana ta fita. Wata Laraba da hantsi Tasalla, uwar Hamidu mijin Juwairiyya, ta sauka daga babur. Ina can ina taya Hajjo tsinke zogale. Bayan gaisuwa ta wuce bayan ɗaki, ta tsoma yatsa a kwatanniya, ta fito tana yarfe shi.

"Hajjo, wanga shi na wankan da aka yabo? Ai ko alwala sai na ƙara mai wuta!"

"Tsufa ne, Yaya Tasalla. Fatarki ta zama ƙirgi."

"Bar ni da ba'a. Ba wanka, ba kanwa, to mi take yi nan? Ina da masu yanka cike da fadama, ba mai dafa musu. Ni da na haifi Hamidu, da ɗanyen jiki na koma murhu."

"Kin koma. Bayan nan naki da ba ya miƙewa, a ina kika samo shi?"

Hajjo ta kama hannun Tasalla ta ja ta ɗaki. Juwairiyya na jingine da matashi, ta yunƙura za ta durƙusa, Hajjo ta ce ta zauna. Ta ɗage mata zane kaɗan, ta ɗora babban yatsan Tasalla a kan ƙaurinta, ta ce, "Danna." Ta danna. Da ta ɗauke, gurbin yatsan ya zauna kamar a cikin tuwo, bai tashi ba.

Tasalla ta ce, "Innalillahi." Sai can ta ce, "Ɗiyata, sannu. Ba a gaya min haka ba."

Da muka fito tsakar gida Tasalla ta rage murya. "To in matan Diggi suka tambaye ni, in ce musu mi?"

Hajjo ta ce, "Abin da kika gani. Kin iske wuta na ci ko ba ki iske ba?"

Tasalla ta dubi murhun. Itacen ya ci har ya fara zamewa waje. Ta sunkuya da bayan nan nata, ta tura shi ciki, ta ƙara wani.

Ranar kasuwa Hamidu ya aiko da itace cikin amalanke da ƙafafun saniya. Masu yanka kuwa, Tasalla ta nemi maƙwabta suka dafa musu. Juwairiyya ta yi arba'in, malamar asibiti ta ce ta ƙara, ta ƙara. Ran da za ta koma Diggi, da ƙafarta ta taka har bakin titi, goyo a baya, takalminta ya shige ta. A ranar Hajjo ta kife duron, ta share tokar.

Har yanzu Hajjo na wankan jego. Sai dai kafin ta ɗora ruwa takan danna ƙafar mai jego, ta kuma tambaya ko an gwada jininta. Wasu tsofaffi na cewa hannunta ya yi sanyi. Ni dai in ana lissafin matan Gwandu, da ita nake farawa.