Marayan Malam Sidi da Nonon Hajaru

Ku da kuka shigo aikin ungozoma yanzu, ku matso ku ji. Akwai wata Litinin ta watan Maulidi da har gobe ba ta bar raina ba, a shekarar da aka fara ba mu jakar kayan haihuwa a ƙaramin asibitin Kebbe. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Matsayina shi ne na ƙasa duka: akwai likita can Tambuwal, akwai Malama nas mai riƙe da ɗakin haihuwa, sannan mu ungozomomin ƙauye. Aikinmu mu rako mai ciki awo, in ta sauka mu bi ta gida, mu duba cibiya, mu dafa ruwan wanka, mu tabbatar jariri ya kama nono. Abin da ya fi ƙarfinmu, mu kai wa Malama.

A wani ƙauye kusa da Fakku, wata baiwar Allah Rabi ta haifi namiji. Mijinta ya rasu tun cikin bai fito ba, babur ya kayar da shi a hanyar kasuwa. Bayan ta sauka jini ya ɓalle mata, aka wuce da ita babban asibiti, ba ta san wanda ke kanta ba. Jariri ya zauna gidan kakansa, Malam Sidi, wanda shi ke karanta Maulidi a garin duk shekara. Malam ɗin kuma ɗan kawuna ne, taubashina, tun muna yara ba ma raga wa juna.

Da na je duba cibiya, na tarar ana ɗura wa yaro madarar shanu da cokali. Zawo ya kama shi, maɗigarsa ta lotsa, kukan ma ya koma kamar na ɗan mage. Na hau babur na koma wurin Malama. Ta ce madarar shanu ba ta jinjiri ba ce, a nemo mai shayarwa a ranar, kuma ta zama wadda aka yi wa gwajin jini a awo. Na ce ai ba sai an nemo ba. A cikin gidan akwai Hajaru, matar ƙanen mamacin, tana goyon ɗiya mace, nono har jiƙa mata riga yake. Malama ta san ta, ta ce lafiyarta lau.

Na dawo da murna, sai na tarar da Hajaru a bayan rumbu tana share hawaye. Wai Baba, wato surukinta Malam Sidi, ya hana. Na tambayi dalili. Wai ya riga ya yi alkawari a ransa, in yaran sun girma zai haɗa marayan da ɗiyar Hajaru aure, don gidan ɗansa da ya rasu kada ya watse. In kuwa suka sha nono ɗaya, sun zama wa da ƙanwa, aure ya haramta.

Jama'a, yaro bai yi suna ba, cibiya ba ta faɗi ba, an riga an yi masa mata.

Na sami Malam a zaure, littafi bisa gwiwa, yana bitar karatun da zai yi. Na gaishe shi, na ce na zo ganin angon ne, amma ina tsoron kada a kai amarya kabari. Ya ce in bar masa shirmen tsofaffi, ya sa a nemo wata mai goyo a rugar da ke gabas. Na ce mutanen rugar sun tashi tun farkon damina, shi kaɗai ne bai ji ba. Ya ce to a ƙara haƙuri, Allah zai kawo. Na ce Allah ya kawo, ga ta can bayan rumbu.

Da na ga ba ya motsi, sai na ɗauko abin da na sani. Na ce a bakinsa nake ji duk shekara cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, maraya aka haife shi, mahaifinsa Abdullahi ya rasu yana ciki. Matan ƙauye suka zo Makka neman 'ya'yan shayarwa, kowa ta ji maraya ne sai ta wuce, sai Halima ta ɗauke shi ta hau raƙumarta.

“Jaka,” in ji Malam. “Bisa jaka ta zo. Raƙumar tsohuwa ce, ko ɗigon nono babu.”

Na ce to jaka. Ta kai shi garinsu.

“Ba gari ba ne, Tumba. Daji ne, wurin Banu Sa'ad, kuma shekarar fari ce. In za ki ba da labarin Manzo, ki ba da shi daidai.”

Duk inda na sa ƙafa sai ya gyara. Na ce Halima ce ta fara shayar da shi, ya ce a'a, bayan mahaifiyarsa Amina akwai Suwaiba. Daga nan ya karɓe labarin gaba ɗaya, ya gyara zama, ya ɗaga murya irin ta ranar taro, har matan gida suna jiyo shi ta katangar zana. Ya faɗi yadda nonon Halima ya cika daga ɗaukar yaron, yadda jakar da ke bayan ayari ta wuce gaba, yadda tumakinta ke dawowa a ƙoshe na maƙwabta na dawowa da yunwa. Ni ina tsugune, kunnena ɗaya na wurinsa, ɗaya na wurin kukan da ke ƙara siririncewa a cikin gida.

Sai ya kawo hujjarsa. Ya ce Suwaiba ta shayar da Hamza ma, baffan Annabi, suka zama 'yan'uwan nono. Shi ya sa da aka yi wa Annabi maganar auren ɗiyar Hamza, ya bayyana cewa ba ta halatta gare shi ba. Ya dube ni, wai na gani ko, shayarwa ba wasa ba ce.

Na ce, “Na gani, Malam. Aure guda ya fita, an samu Annabi a raye. Kai wanne kaka so, jika ko ango?”

Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tsaya, ya karkata kai. Ni ma na saurara. Kukan ya ɗauke.

Na san irin shirun da ke biyo bayan irin wannan kuka, na sha jin sa. Ban san lokacin da na kai tsakar gida ba, Malam na bayana ba takalmi. Muka tarar da Hajaru zaune a ƙofar ɗaki, ta juya baya saboda kunyar suruki, ɗiyarta a goye, marayan a ƙirji. Yana ja yana haɗiya, har ana jin ƙarar maƙogwaronsa.

Ba ta ɗago ba. Da ni ta yi magana, amma don shi ya ji. “Inna, ki ba Baba haƙuri. Ni nika jin karatun nashi daga nan, da ya kai wurin da mata suka wuce maraya, ban iya zama ba.”

Na matsa kusa da Malam na ce ko a cire yaron, tunda bai jima da kamawa ba. Ya harare ni. Ya ce a mazhabarmu ko sau ɗaya nono ya isa ciki, magana ta ƙare, kuma na sani sarai, neman faɗa nake. Sannan ya ce wa matarsa a dama wa Hajaru kunun kanwa mai yawa, mai shayar da biyu ce. Ya koma zaure. Ban bi shi ba, don na ga yana goge ido da hannun riga.

Rabi ta warke ta dawo, amma nononta bai kawo sosai ba, Hajaru ce ta yaye su duka biyun. Yanzu tare suke zuwa Islamiyya, suna faɗa a hanya kamar kowane wa da ƙanwa. Malam kuwa har yau in muka haɗu sai ya ce ni na kashe wa jikansa aure, kuma ni ce matar da ta ɗora Halima bisa raƙuma.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan ba jahilci kaɗai ke tare mana ƙofa ba. Wani ya fi ki sanin komai, baƙin ciki ne ya toshe masa kunne. In kin ci karo da irinsa, kada ki tsaya sai kin kayar da shi. Ki ja shi ya yi ta magana, da ƙarfi, inda matan gida za su ji.